Birnin Alƙahira: Sarakuna, Mahara da Gine-ginen da Suka Bari

1.0 Gabatarwa

Sunan Masar ba baƙo ba ne a kunnen Bahaushe. Tun yana yaro yake jin sa a ƙissar Annabi Yusufu da ta Annabi Musa, in ya girma kuma ya ji malamai suna ambaton Azhar a matsayin matattarar ilimi. Sai dai ba kowa ne ke bambance Masar ta Fir'auna da birnin Alƙahira ba, har wasu kan ɗauka cewa a Alƙahira ne Fir'auna ya yi sarauta. Ba haka abin yake ba. Manyan dalolin dutse na Giza sun girmi Alƙahira da kusan shekara 3,500, domin shi birnin sai a shekara ta 969 Miladiyya aka aza harsashinsa.

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin gidajen sarautar da suka riƙe wannan birni, da maharan da suka faɗa masa, da kuma gine-ginen da kowannensu ya bari. Za a dogara a kan abin da marubutan birnin suka taskace, musamman Maƙrizi (1364–1442), wanda ya siffanta Alƙahira unguwa-unguwa, da Ibn Iyas, wanda ya ga shigowar Turkawa da idonsa, da kuma Jabarti, wanda ya ga ta Faransawa. Tambayoyi biyu ne za su yi mana jagora. Me ya sa kusan duk wanda ya ci ƙasar yakan bar mazaunin da ya tarar, ya gina nasa a gefe? Me kuma ya sa fadoji suka rushe, amma masallatai da makarantu suka wanzu?

2.0 Garuruwa Uku Kafin Alƙahira

A shekara ta 641 rundunar Musulmi a ƙarƙashin Sahabi Amru ɗan Asi ta karɓe sansanin Rumawa da ake kira Babilon a gabashin Kogin Nilu. Iskandariyya ce hedikwatar ƙasar a wancan zamani, amma Amru bai zauna can ba. A daura da sansanin ya kafa zangon mayaƙa, ya gina masallaci, wanda shi ne na farko a ƙasar Masar. Wannan zango ne ya rikiɗe ya zama garin Fusɗaɗ. Da Abbasiyawa suka kawar da Umayyawa a shekara ta 750, sai gwamnoninsu suka matsa arewa kaɗan suka kafa Askar.

Na uku shi ne mafi muhimmanci. Ahmad ɗan Ɗulun, ɗan wani bawa Baturke na fadar Abbasiyawa, ya zo Masar a shekara ta 868 a matsayin wakili, bai daɗe ba ya zama mai cin gashin kansa. Ya gina garin Ƙaɗa'i domin askarawansa, da fada, da masallacin da aka kammala a shekara ta 879. Masallacin na jan bulo ne, faɗinsa ya haura eka 6, hasumiyarsa kuma tana da matakala da ke kewaye ta daga waje, irin fasalin da Ahmad ya saba gani a Samarra inda ya tashi. A shekara ta 905 Abbasiyawa suka aiko da runduna ta ƙwace ƙasar daga zuriyarsa, ta baje fadar da garin baki ɗaya, ta ƙyale masallacin kaɗai. Tun daga nan ake iya hango tsarin da zai yi ta maimaituwa: mai nasara yakan shafe gidan sarautar wanda ya kayar, amma hannunsa kan yi nauyi a kan ɗakin Allah.

3.0 Faɗimiyyawa da Kafuwar Birnin

Faɗimiyyawa mabiya Shi'a Isma'iliyya ne, waɗanda suka kafa halifancinsu a ƙasar Tunusiya ta yau tun shekara ta 909, suna jayayya da halifancin Bagadaza. Bayan rasuwar Kafur, wani bawa baƙar fata da ya riƙe ragamar Masar har zuwa shekara ta 968, ƙasar ta faɗa cikin yunwa da rikici. Halifa Mu'izzu ya ga damarsa, ya tura sarkin yaƙinsa Jauhar, wanda ya shiga ƙasar a shekara ta 969 ba tare da wata turjiya mai ƙarfi ba. Shi ma Jauhar bai sauka a Fusɗaɗ ba. Ya ƙara matsawa arewa maso gabas, ya zana ganuwa ta tubali, ya gina fada a cikinta, ya raba wa ƙungiyoyin mayaƙansa unguwanni.

Akwai wata riwaya game da sunan birnin. An ce masana taurari sun ɗaura ƙararrawa a jikin igiya, suka umarci magina kada su fara aiki sai sun ji an kaɗa ta a sa'a mai kyau. Sai wani hankaka ya sauka a kan igiyar, ƙararrawa ta kaɗa, magina suka kama aiki a daidai fitowar tauraron Mirrihu, wanda ake yi wa laƙabi da Alƙahir. Labari ne mai daɗin ji, amma abin da ya fi kusa da hankali shi ne, Mu'izzu da ya iso a shekara ta 973 ya zaɓi sunan ne domin ma'anarsa, wato mai rinjaye, saboda burinsa na rinjayar Bagadaza.

Ya kamata a fahimci cewa Alƙahira ta farko ba garin talakawa ba ce. Birnin halifa ne da fadawansa da sojojinsa. Fatake da masu sana'a da galibin jama'a, waɗanda 'yan Sunna ne da Kiristoci Kibɗawa da Yahudawa, suna can Fusɗaɗ. Wannan ya amsa tambayarmu ta farko: baƙon sarki mai baƙin sojoji ba ya amincewa da jama'ar da ya ci da yaƙi, kuma yana tsoron abin da zai faru idan sojojinsa suka cuɗanya da su. A tsakiyar birnin akwai manyan fadoji biyu, na gabas da na yamma, da fili a tsakaninsu. Babu ko ɗaya daga cikinsu da ke tsaye a yau, amma har yanzu ana kiran wurin Bainal Ƙasraini, wato tsakanin fadoji biyu. Masallacin Azhar kuwa, wanda aka fara gininsa a shekara ta 970, aka yi sallar Juma'a ta farko a cikinsa a shekara ta 972, yana nan daram.

Daular ta yi ƙarfi na kusan ƙarni guda, sa'an nan ta gamu da babbar musiba a zamanin Halifa Mustansir (1036–1094). Daga wajajen shekara ta 1065 zuwa ta 1072 Kogin Nilu ya yi ta gaza kawo ruwa, yunwa ta yi tsanani, sojoji Turkawa da sojoji baƙaƙen fata suka yi ta gwabzawa. Turkawan da ba a biya su albashi ba suka wawashe taskokin fada, har da ɗakin littattafanta. An ruwaito cewa an yi takalma da fatun bangon littattafai. Wanda ya dawo da doka shi ne Badar Jamali, wani sarkin yaƙi ɗan asalin Armeniya, wanda halifa ya kira daga Sham. Shi ne ya faɗaɗa ganuwa, ya gina mata ƙofofi na sassaƙaƙƙen dutse, uku daga cikinsu suna nan: Babun Nasri da Babul Futuhi a arewa (1087), da Babu Zuwaila a kudu (1092). Masana da dama suna danganta sunan ta ƙarshen da mayaƙan da suka fito daga Zawila ta ƙasar Fezzan, garin da ayarin Kanem ke sauka bayan ƙetare Sahara. Za mu sake komowa kan wannan ƙofa fiye da sau ɗaya.

4.0 Salahuddin da Ƙal'a

A shekara ta 1168 Amalrik, sarkin mayaƙan Salibi da ke riƙe da Ƙudus, ya nufo Masar. Fusɗaɗ ba ta da ganuwa, don haka waziri Shawar ya ba da umarnin a kwashe mutanenta a cinna mata wuta, don kada abokan gaba su mai da ita sansani. Maƙrizi ya ce wutar ta yi kwana 54 tana ci. Abin lura a nan shi ne, ɓarna mafi muni da garin Amru ya taɓa gani, mai tsaronsa ne ya yi masa ita. Agajin da aka nema daga Nuruddin na Sham shi ya kawo Shirkuh da ɗan ɗan'uwansa Salahuddin Ayyubi. Salahuddin ya zama waziri a shekara ta 1169, ya murƙushe tawayen sojoji baƙaƙen fata na fada, sa'an nan a shekara ta 1171 ya sa aka mai da huɗuba da sunan halifan Bagadaza. Da haka halifancin Faɗimiyyawa ya ƙare.

Salahuddin ya buɗe birnin ga talakawa, ya raba wa hakimansa sassan fadojin, aka sayar da abin da ya rage na littattafai. Ya dakatar da sallar Juma'a a Azhar, dakatarwar da ta ɗauki kusan shekara 100, ya kuma kafa makarantun Sunna. Shi kansa, kamar na gabansa, ya nemi sabon mazauni. A shekara ta 1176 ya fara gina Ƙal'a, wato ƙasaitaccen sansani mai ganuwa, a kan wani tsauni da ke gindin dutsen Muƙaɗɗam, aka haƙa mata rijiya a cikin dutse mai zurfin kusan mita 90. Bai taɓa zama a cikinta ba. Ɗan ɗan'uwansa Kamil ne ya fara tarewa, kuma daga nan aka yi ta mulkin Masar har kusan shekara 700.

A zamanin wannan gida ne aka sami alama ta farko tabbatacciya ta zaman mutanen ƙasashenmu a birnin. Maƙrizi ya ambaci makarantar Ibn Rashiƙ ta Malikiyya a Fusɗaɗ, wadda aka gina da dukiyar mutanen Kanem a wajajen shekarun 1240, domin ɗalibansu da alhazansu.

5.0 Mamalik: Bayin da Suka Zama Sarakuna

Kalmar mamluk tana nufin wanda aka mallaka. Sarakunan Ayyubawa sun riƙa sayo yara Turkawa daga filayen arewacin Bahar Aswad, a musuluntar da su, a koya musu hawan doki da harbi, sa'an nan a 'yanta su su zama dakarun sarki. Wanda ya san matsayin bayin sarki a fadojin ƙasar Hausa zai gane hikimar: wanda ba shi da dangi a gari, ba shi da kowa sai ubangidansa. Amma a Masar abin ya wuce nan. Sarki Salihu Ayyub ya rasu a shekara ta 1249 a lokacin da Luwis na 9, sarkin Faransa, ya kawo hari. Matarsa Shajaratud Durri ta ɓoye rasuwar, mamalik suka ci Faransawa da yaƙi, suka kama Luwis a shekara ta 1250, suka kashe magajin sarki, suka naɗa ita matar. Ta yi kimanin kwana 80 a kan mulki, daga nan sarauta ta koma hannun mamalik har shekara ta 1517.

Jarrabawarsu ta farko ita ce mafi girma. Hulagu ya rushe Bagadaza a shekara ta 1258, ya kashe halifa, ya ci Sham, ya aiko da manzanni Alƙahira yana neman a miƙa wuya. Sarki Ƙuɗuz ya sa aka fille musu kawuna, aka rataye a Babu Zuwaila. A watan Satumba na shekara ta 1260 rundunar Masar ta karya Mongolawa a Ainu Jalut ta ƙasar Falasɗinu. A hanyar komowa Baibars ya kashe Ƙuɗuz ya hau gadon. Shi ne ya ɗauko wani daga zuriyar Abbasiyawa ya naɗa shi halifa a Alƙahira a shekara ta 1261, halifa na suna kawai, wanda aikinsa shi ne halatta sarautar mai takobi. Shi ne kuma ya naɗa manyan alƙalai huɗu, ɗaya ga kowace mazhaba, ya dawo da Juma'a a Azhar. Malamai da masu sana'a da suka tsere daga Iraƙi da Sham suka kwararo, Alƙahira ta gaje matsayin Bagadaza.

5.1 Waƙafi da Sirrin Yawan Gine-gine

Mafi yawan gine-ginen da baƙo ke gani a tsohon birnin a yau na zamanin Mamalik ne, kuma ba tsoron Allah kaɗai ne ya haifar da su ba. Dole a duba yadda dukiya take a hannun mamluk. Ba a ba shi ƙasa ta zama tasa. Ana ba shi yanki ne ya ci harajinsa muddin yana riƙe da muƙami, in ya mutu ko aka tuɓe shi, sai yankin ya koma ga sarki. 'Ya'yansa kuma, da yake 'ya'ya ne haifaffun gari, a bisa al'ada ba sa gadon matsayinsa na soja. (Gidan Ƙalawun ya karya wannan ƙa'ida a kan gadon sarauta na kusan ƙarni guda, amma ga sauran hakimai ta ci gaba da aiki.) Daɗin daɗawa, ƙwace dukiyar wanda aka yi fushi da shi abu ne na yau da kullum.

Mafita ɗaya ce shari'a ta bari, wato waƙafi. Hakimi zai gina masallaci ko makaranta ko wurin shan ruwa, ya tsayar masa da shaguna da gidajen wanka da gonaki waɗanda kuɗin hayarsu zai riƙa ɗaukar nauyinsa, a rubuta takarda a gaban alƙali. Dukiyar da aka yi waƙafinta ba a sayar da ita, ba a gadonta, kuma ƙwace ta abin kunya ne ko ga azzalumin sarki. A cikin takardar mai waƙafi yana iya naɗa 'ya'yansa masu kula da wurin, ya yanka musu rabo daga rarar kuɗin. Sa'an nan ya jingina hubbarensa da ginin, a bakin titi, inda masu wucewa za su ji karatun Alƙur'ani ta taga su yi masa addu'a. Da jifa ɗaya ya nemi lahira, ya tsare zuriyarsa, ya kuma dawwamar da sunansa. Wannan ita ce amsar tambayarmu ta biyu. Fada ba ta da mai kare ta sai mai ita, amma masallaci yana da takarda da alƙali da ma'aikatan da abincinsu ya rataya a kansa.

Misali mafi fito da wannan shi ne ginin Sarki Ƙalawun (1284–1285) a Bainal Ƙasraini, wanda ya haɗa asibiti da makaranta da hubbare, aka kuma kammala shi cikin kimanin wata 13. A kan kufan fadar yamma ta Faɗimiyyawa aka gina shi, har an gano sassaƙaƙƙun katakan tsohuwar fadar a jikinsa. Asibitin ya ci gaba da karɓar marasa lafiya har cikin ƙarni na 19. An ce Ƙalawun ya yi bakancen gina shi ne bayan an yi masa magani a asibitin Nuruddin da ke Dimashƙa. Irin wannan labari na bakance ya yawaita: an ce Lajin ya ɓuya a kangon masallacin Ibn Ɗulun, da ya zama sarki a shekara ta 1296 ya gyara shi, an ce Mu'ayyad Shaihu ya sha ɗauri a kurkukun da ke jikin Babu Zuwaila, da ya hau mulki ya rushe kurkukun ya gina masallaci, ya ɗora hasumiyoyinsa biyu a kan ƙofar. Mai nazari zai yi zaton cewa labarin bakance yana taimaka wa sarki wajen rufe bakin masu tambayar inda aka samo fili da kuɗi. Tambayar kuwa an yi ta, domin Maƙrizi ya kawo cewa wasu malamai sun ƙyamaci yin salla a ginin Ƙalawun saboda aikin tilas da aka sa mutane.

Masallacin Sarki Hasan, wanda ke fuskantar Ƙal'a, shi ne ƙololuwar wannan fasaha. An fara shi a shekara ta 1356, 'yan shekaru bayan annobar da ta faɗa wa Masar daga shekara ta 1347 zuwa ta 1349, kuma wani kaso na kuɗin ya fito ne daga dukiyar waɗanda annobar ta kashe ba su bar magada ba. Tsawonsa ya kai kimanin mita 150, yana da makarantu huɗu na mazhabobi huɗu, hasumiyarsa mafi tsawo ta haura mita 80. A shekara ta 1361 wata hasumiya da ake ginawa a kan ƙofarsa ta rufta ta kashe mutane da yawa. Ba a jima ba aka kashe Hasan, ba a kuma ga gawarsa ba, saboda haka ba ya kwance a ƙarƙashin ƙubbar da ya gina wa kansa. Girman ginin ma ya zame masa matsala, domin 'yan tawaye sun riƙa hawa rufinsa suna harbin Ƙal'a, har Sarki Barƙuƙ ya sa aka rushe matakalarsa. Daga baya Mu'ayyad ya ciro ƙyauren tagulla na ƙofarsa ya kai nasa masallacin.

5.2 Alƙahira da Ƙasashen Sudan

A wannan zamani ne alaƙar birnin da Afirka ta Yamma ta yi ƙarfi. Mansa Musa na Mali ya sauka a shekara ta 1324 a kan hanyarsa ta Makka, a zamanin Sarki Nasir Muhammad. Umari, wanda ya tattara labarin ziyarar shekara 12 bayanta, ya ce zinariyar da ayarin ya kashe ta karya darajar zinariya a kasuwa, ya kuma kawo yadda Mansa ya nuna ƙyamar sumbatar ƙasa a gaban sarki. A wajajen shekara ta 1391 Mai na Barno, Usman ɗan Idris, ya aika wa Barƙuƙ wasiƙa yana kukan cewa Larabawan Juzam suna kama Musulmin ƙasarsa suna sayarwa a Masar da Sham. Ƙalƙashandi ya taskace wasiƙar. Haka kuma Jalaluddin Suyuɗi (1445–1505) ya rubuta wasiƙar nasiha ga sarakunan Takruri, ya ambaci Sarkin Agadas da Sarkin Katsina Ibrahim. Tafsirin Jalalaini da ake karantawa a masallatanmu da azumi, da Muhtasar na Halil da ake ji da shi a fiƙihun Malikiyya, duka a Alƙahirar Mamalik aka wallafa su.

6.0 Shekara ta 1517

Abin mamaki ne cewa birnin da ya tsira daga Amalrik da Luwis da Hulagu, har da Taimur wanda ya tsaya a Dimashƙa a shekara ta 1401, Musulmi 'yan Sunna ne suka ci shi. A ƙarshen ƙarni na 15 daular ta raunana saboda annoba mai maimaituwa, sa'an nan Turawan Fotugal suka kewayo Afirka a shekara ta 1498 suka shiga yi wa cinikin kayan yaji barazana. Duk da haka ba a daina gini ba: hubbaren Ƙayitbai (1474), mai ƙubbar dutse da aka yi wa zayyana kamar aikin allura, na wannan lokaci ne.

Sarkin Daular Usmaniyya ta Turkiyya (kada a rikita ta da ta Sakkwato), Salim na 1, ya haɗu da Sarki Ƙansuh Guri a Marju Dabiƙ, arewa da Halab, a watan Agusta na shekara ta 1516. Turkawa suna da igwa da bindiga, mamalik kuwa sun daɗe suna raina makamin wuta a kan cewa ba na jarumi ba ne, kuma sun makara wajen karɓarsa. Gwamnan Halab, Hayir Bak, ya janye da rundunarsa ana tsakiyar yaƙi, Guri ya mutu a fagen fama. Magajinsa Ɗuman Bai ya sake shan kashi a Raidaniyya, a bakin Alƙahira, a watan Janairu na shekara ta 1517, aka yi kwanaki ana faɗa a cikin lunguna. A watan Afrilu aka rataye shi a Babu Zuwaila, ƙofar da aka rataye kawunan manzannin Hulagu. Ibn Iyas ya ce sau biyu igiyar tana tsinkewa. Salim ya kwashe marmara daga Ƙal'a, ya tafi da gwanayen masu sana'a da halifa na ƙarshe zuwa Santambul, ya bar Hayir Bak a matsayin gwamna.

An saba siffanta shekaru 280 da suka biyo baya da zamanin koma-baya. Gaskiya ne birnin ya sauka daga hedikwatar daula zuwa ta lardi, amma binciken masanin tarihi André Raymond ya nuna cewa ya ƙara faɗi, cinikin gahawa kuma ya cike gurbin na kayan yaji. Turkawa ba su rushe tsarin waƙafi ba. Abdurrahman Kathuda ya faɗaɗa Azhar a tsakiyar ƙarni na 18, masallacin kuma yana da masaukan ɗalibai bisa ƙasashensu, ciki har da na Barnawa. A wannan birni ne Muhammadu Alkashinawi, malamin Katsina masanin lissafi da hatimai, ya rasu a shekara ta 1741, a gidan Hasan Jabarti, mahaifin marubucin tarihin da muka ambata.

7.0 Daga Nafoliyon Zuwa Yau

Nafoliyon ya karya dawakin mamalik a Imbaba ranar 21 ga Yuli, 1798, ya shiga birnin da a lokacin yake da mutane kimanin 260,000. A watan Oktoba jama'a suka yi bore, Faransawa suka yi wa unguwar Azhar ruwan igwa, suka shiga masallacin da dawakinsu.  A shekara ta 1800 wani tsohon ɗalibin Azhar, Sulaiman Halabi, ya kashe Janar Kleba, aka rufe masallacin kusan shekara guda. Faransawa sun fita a shekara ta 1801.

Muhammadu Ali, hafsan rundunar Albaniyawa, ya hau mulki a shekara ta 1805 da goyon bayan malamai. Ranar 1 ga Maris, 1811, ya gayyaci shugabannin mamalik biki a Ƙal'a, aka rufe ƙofa, aka bindige ɗaruruwansu a wani ƙunƙuntaccen lungu. Ya rushe ragowar fadojinsu, daga shekara ta 1830 ya fara gina masallacinsa a wurin, bisa fasalin masallatan Santambul. Shi ne ginin da ya fi fitowa a hotunan birnin a yau, ko da yake shi ne mafi nisa daga salon Alƙahira. Abin da ya fi wannan tasiri shi ne yadda ya mai da gonakin waƙafi ƙarƙashin gwamnati. Da kuɗin shiga ya yanke, sai gine-ginen da suka tsira daga mahara suka fara lalacewa a hannun masu su.

Jikansa Isma'il (1863–1879) ya ga birnin Faris, ya gina sabuwar unguwa mai faɗaɗan tituna a yamma da tsohon gari, ya mai da fada Abidin a shekara ta 1874. Bashin da ya ciwo ne ya buɗe wa Turawan Ingila ƙofa. Sun karya rundunar Ahmad Urabi a Tallul Kabir ranar 13 ga Satumba, 1882, washegari suka shiga Alƙahira ba tare da faɗa ba, sojojinsu suka zauna a Ƙal'a har shekara ta 1946. Tun a shekara ta 1881 aka kafa kwamitin kula da tsofaffin gine-ginen Musulunci, wanda ya yi musu rajista ya gyara da yawa daga cikinsu.

Hukumar UNESCO ta sa tsohon birnin cikin wuraren tarihi na duniya a shekara ta 1979. Girgizar ƙasa ta ranar 12 ga Oktoba, 1992, ta tsattsaga gine-gine masu yawa, ruwan ƙarƙashin ƙasa kuma yana cin harsashinsu. A gefe guda, aikin lambun Azhar da aka buɗe a shekara ta 2005 ya tono wani dogon sashe na ganuwar Ayyubawa da juji ya binne ɗaruruwan shekaru. A shekara ta 2015 gwamnatin Masar ta ba da sanarwar gina sabuwar hedikwatar mulki a cikin hamada, kimanin kilomita 45 gabas da birnin, ma'aikatu kuma sun fara ƙaura zuwa can a shekara ta 2023. Domin shimfiɗa manyan hanyoyi da gadoji, tun daga shekara ta 2020 aka shiga rushe sassan maƙabartar Ƙarafa, lamarin da ya jawo suka daga masana tarihi da iyalan mamata. A wannan maƙabarta ne ƙubbar Imam Shafi'i take, wadda Sarki Kamil ya gina a shekara ta 1211, a maƙabartar kuma kabarin Suyuɗi yake.